Ƙulli Uku a Bayan Yadi

Ruwan farko na kaka yana sauka a birnin Fas, Lalla Zuhur ta sauko da jakar ɗinkinta daga kan kabad, ta zazzage ta a gado, ta sake shirya ta. Washegari ma ta sake. Ba wai wani abu ya ɓace a ciki ba. Almakashi yana nan, allurai suna soke a ƙyallensu, shuɗin zaren alharini yana naɗe yadda ta bar shi. Hannunta ne kawai ba shi da abin yi tun watan huɗu, kuma wanda ya zauna shi kaɗai a gida mai ɗaki shida, ko jaka ce sai ya mai da ta abokiyar hira. Mijinta ya rasu shekara goma sha ɗaya ke nan. Ɗanta guda yana Faransa, yakan bugo waya ranar Juma'a ya tambayi lafiyar gwiwarta. A duk shekara rana ɗaya ce tata, ranar da matan unguwa masu aikin allura suke fita shan iska gonar zaitun da ke bayan garin Safru, inda ƙawarta Lalla Kanza take zaune a wurin ɗanta.

Ɗinkin Fas tafiya ce da dawowa. Allura takan tafi tana ƙirga silin yadi, ta ɗinka nan ta tsallake can, ta bar layi mai giɓi-giɓi, sannan ta juyo ta bi ramukan da ta huda tana cike giɓin. In an gama, gaba da baya duk ɗaya ne. Ba a yarda da ƙulli ko guda, bakin zare ma sai an ɓoye shi yadda mai shi za ta neme shi ta rasa. Kowace mace ita ke tafiyarta ita ke dawowarta, ban da waɗannan biyun. Tun suna 'yan shekara tara a gidan malamar ɗinki, Kanza ce gwanar ƙirga, ba ta taɓa ɓata sili ba, amma ba ta da haƙurin maimaita hanya. Zuhur kuwa ƙirga na sa mata ciwon kai, amma in ta bi sawu, sai ka rantse hannu ɗaya ne ya yi aikin. Malama ta doke su a kan haka har ta gaji ta ƙyale su. Haka suka yi aure, suka haihu, suka binne mazajensu, ɗaya tana tafiya ɗaya tana dawowa, shekara hamsin da bakwai.

Da Kanza ta koma ƙauye sai suka raba shekara gida biyu. Ita ta yi tafiya tun daga bazara, ta miƙa yadin ranar shan iska. Zuhur ta yi dawowa duk tsawon sanyi, ta aika da shi in ɗan Kanza, Si Jawad, ya shigo gari sayar da man zaitun. Daga Fas zuwa gonar tafiyar awa guda ce, amma Zuhur ba ta taɓa zuwa ba in ba ranar ba. Matan tsohon gari kansu a sama yake, ba sa shiga gidan ɗan wata ba gayyata, balle gidan da matarsa, Itto, 'yar tsauni ce wadda a ganin Zuhur ba ta san wata allura ba sai basillar ɗinke buhu. Waya kuma ba ta yi musu rana. Gaisuwa biyu, sai kowacce ta rasa abin cewa.

A jikin yadin suke hira. Da sanyi Zuhur takan zauna kusa da kaskon gawayi, matashi a cinya, tana bin sawun Kanza tana karanta shi. "Nan kin ja zare, wa ya taɓa ki?" take cewa a fili, ita kaɗai a ɗaki. "Nan kuma barci kike ji, tsohuwar banza." Sanyin bara ma ta fi jin daɗin hirar, don ta ga hannun ya ƙara ƙarfi, ɗinkin ya tsaya cak, har ta yi wa Allah godiya da ya ƙara wa ƙawarta lafiya.

Ranar tafiya ta riga kowa zuwa bakin ƙofar gari inda bas ke jira. Da can su bakwai ne 'yan gidan malama, yanzu ban da Kanza, daga ita sai Lalla Radiya, wadda ba ta iya shiru ko a gidan makoki. Sauran duk matasa ne, masu saƙar hula da masu koyon ɗinki a waya. Suna waƙa suna tafi tun kafin a fita gari. Zuhur ta zauna a gaba, jaka a cinya, tana kallon jar ƙasar da aka fara huɗa da ganyayen bakin rafi da suka koma rawaya. Rumman ya tsage a bishiya, zaitun rabi kore rabi baƙi. Ba wanda ya yi mata magana, ita ma ba ta nema ba.

Kowace shekara Kanza takan fito har bakin hanya tana ɗaga hannu. Bana Itto ce ta fito. Kanza tana can zaune a gindin tsohon ɓaure, kan darduma, an jingina ta da matasai.

"To, sarauta ta samu," Zuhur ta ce tun daga nesa. "Yanzu sai an zo an yi gaisuwa ke nan?"

"Gwiwa, Zuhur, gwiwa," in ji Kanza, ta juyo tana dariya, ta buɗe hannuwa. Da suka rungumi juna ta kama fuskar Zuhur da tafi biyu ta daɗe tana shafawa. "Kin rame. Ba kya cin abinci."

"Wa zan dafa wa? Bango?"

Aka shimfiɗa dardumai, aka hura gawayi. Itto ta kawo tajin, wato dafaffen naman rago a kaskon ƙasa, da burodin sha'ir mai zafi, da man zaitun na bara a kwano. Abin da ya ba Zuhur haushi shi ne yadda matar ta maƙale wa Kanza. Ita ke yago mata burodi, ita ke sa mata kofin shayi a hannu, har da naɗe mata yatsu a jikin kofin. Rana ɗaya tak a shekara, ita ma ba za a bar mutum da ƙawarsa ba.

Ana cikin shan shayi Kanza ta lalubo hannun Zuhur ta matse. "In an gama, ki ja ni mu ɗan zaga, mu biyu. Akwai magana."

"Bayan juyi," Zuhur ta ce. "Maganar ba za ta gudu ba."

Juyi al'adarsu ce tun ta gidan malama. In an ci an sha, kowacce ta fito da aikin da ta yi, babbar cikinsu ta karɓa ta yaba gabansa, sannan ta juya bayansa a gaban kowa. Shekara shida ke nan Zuhur ce mai juyi, kuma in gaskiya za a faɗa, tana son abin fiye da yadda ya kamata. A ranar ce kaɗai mutum ashirin ke yin shiru don su ji abin da za ta ce. Ta juya na wata amarya ta ce bayan kamar sheƙar tsuntsu. Ta juya na Radiya ta ce shekara sittin ba su koya mata komai ba, Radiya ta ce ai mijinta bai taɓa cin abinci a ƙarƙashin tebur ba balle ya ga bayan. Aka yi ta dariya.

Sai Itto ta fito da babban yadin, kamu takwas, fari tas, na shimfiɗar tebur. Mata huɗu suka kama kusurwoyinsa. Shuɗin layi mai giɓi ya zagaye shi, bishiyoyi da taurari duk an tafi da su, dawowa kawai suke jira. Matasan suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Zuhur ta ji zuciyarta ta yi sanyi, ga abokin zamanta na wata biyar ya iso.

"Wannan ki bar shi, kya duba a gida," in ji Kanza.

"Yau kuma? Tun yaushe kika fara tsoron juyi?" Zuhur ta kama gefe ta kifa shi. "Ku matso, yara, ku ga yadda ake aiki."

Ta bi gefen farko da yatsa, ba abin cewa. Na biyu ma haka. A kusurwa ta uku yatsanta ya yi tuntuɓe. Ƙulli ne, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar riɗi, kusa da shi wani, gaba kaɗan wani. Zuhur ba ta yi shakka ko na ƙiftawar ido ba, ta san Kanza ba za ta yi ƙulli ba ko da wuƙa a wuyanta. Ta ɗago ta kalli Itto, haushin kofin shayin nan bai sauka ba.

"Kanza, kin fara barin yadi inda masu ɗinkin buhu ke kaiwa?" ta ce da ƙarfi, don kowa ya ji. "Wani ya sa miki hannu a aiki. Ƙulli uku! Ko an ɗauka bakin buhun zaitun ne? Dubi nan. Dubi mana!"

Ta tura kusurwar gaban fuskar Kanza. Kanza ta sunkuyar da kai tana dubawa, amma ba inda yatsan Zuhur yake ba. Can gefe take kallo, kan farin yadi inda babu zare ko ɗaya. Dariyar da ta fara tashi ta mutu. Radiya ma ta rufe baki.

"Ba na gani, Zuhur," Kanza ta ce a hankali. "Sugan nan ya cinye idon. Haske da duhu kawai nake bambantawa. Maganar da na ce akwai ke nan."

Zuhur ta tsaya da yadi a hannu. Abin da ya fito daga bakinta ba jaje ba ne. "To wa ya yi wannan?"

"Itto. Ni nake ƙirga da baki, ita take hudawa."

"Na bara fa?"

"Na bara ma."

Magana zarar bunu ce. Itto ta tattara kofuna a faranti ta wuce bayan gida ba ta kalli kowa ba. Zuhur ta ajiye yadin, ta lalubi takalmanta, ta shiga cikin zaitun ba tare da ta san inda za ta ba.

Ta yi tafiya har muryoyin suka ɓace, ta zauna a kan wani dutse a bakin huɗa. Kunya tana cin ta, tausayin Kanza yana cin ta, amma abin da ya fi ci mata rai wani ne daban, kuma ta san ba mai kyau ba ne. Sanyin bara take tunawa. Wata biyar tana zaune tana zolayar Kanza, tana tambayarta wa ya ɓata mata rai, tana ba ta labarin gwiwa da na ɗan da ba ya zuwa, ashe da hannun baƙuwa take magana. Ita da take taƙama ta san ɗinkin Kanza fiye da fuskarta, ba ta gane ba, har murna ta yi da hannun ya ƙara ƙarfi. Ashe ita kaɗai ce a ɗakin nan tun bara. Ta zauna nan har inuwar bishiyoyi ta miƙe, babu wanda ya biyo ta, kuma ba ta ga laifinsu ba.

Da ta taso sai ta bi ta bayan gida. Itto tana tsugune a bakin famfo tana wanke kofuna. Zuhur ta tsaya a kanta. Matan tsohon gari an koya musu komai ban da ba da haƙuri.

Itto ce ta fara magana, ba ta ɗago ba. "Na san ba a ƙulli, Lalla. Kullum in na gama sai ta bi bayan da yatsa, ita ke ɓoye bakin zaren. Watan takwas ta yi kwana ashirin a asibiti, na yi kusurwar nan ni kaɗai. Tsoro na ji kada zaren ya zare kafin ya iso hannunki."

"Me ya sa ba a gaya mini ba?"

"Ta hana. Ta sa Jawad ya rantse."

"Don me?"

Sai a nan Itto ta ɗago ta dube ta ido cikin ido. "Ta ce in babu yadi ba za ki zo ba."

Zuhur ta buɗe baki za ta ce ƙarya ne, sai ta tuna shekara tara ba ta taɓa tako gonar nan ba sai ranar karɓar yadi. Ta kalli hannun Itto a cikin ruwa, manyan yatsu masu kaushi, kan manunin duk huda-hudar allura. Kamu takwas sau biyu, ga gona, ga yara, ga tsohuwa.

"'Yata," ta ce, karon farko da ta kira ta haka, "kina da buhun gari wanda aka wanke? Da basilla, da zaren ulu mai kauri."

Matasan sun watse cikin gona suna tsinkar rumman, Radiya ta bi su don ta ba da wuri. Kanza tana nan inda aka bar ta, hannuwa a cinya, fuska a sama tana bin ɗumin rana. Zuhur ta zauna kusa da ita, ta farke buhun ta shimfiɗa a kan matashi. Saƙarsa manya-manya ce, kana iya ƙirga silinsa daga ƙofar ɗaki.

"Kin gama fushin?" in ji Kanza.

"Rufe mini baki. Dawowa ba ta son ido, ramin yana nan an riga an huda. Ni zan tafi, ke ki dawo."

"Ke? Ke da ba ki iya ƙirga kuɗin burodi ba?"

"Sai ki ƙirga mini. Bakinki ai bai makance ba."

Kanza ta gyara zama. "Ƙaramar bishiya. Bar sili goma sha biyu daga gefe. Uku gaba, tsallake uku. Uku sama."

Zuhur ta soka basilla. Tun tana 'yar shekara tara ba ta taɓa huda farin yadi ba, kullum akwai sawun da take bi. Yanzu babu komai a gabanta sai buhu. Ta ɓata ƙirga sau biyu, ta sha zagi sau biyu. Ɗinkin ya fito ƙato-ƙato, jan ulu a kan buhun gari, irin aikin da in da wata ce ta kawo shi juyi da ta sa ta kuka. Da ta yi tsawon taki guda sai ta ɗora matashin a cinyar Kanza, ta sa mata basillar a hannu.

Kanza ta bi layin da kan yatsa, ta koma, ta sake bi. Ta sa hannun hagu a ƙarƙashi, ta lalubi rami, ta soka. Kowane ɗinki sai ta ɗauki lokacin da da za ta yi ashirin. Harshenta ya leƙo ta gefen baki kamar yadda yake yi tun a gidan malama. Zuhur ta zauna tana kallo, ta danne hannuwanta a ƙarƙashin cinya don kada su kai taimako. Rana ta yi ƙasa, iska ta fara sanyi, busassun ganyen ɓaure suna faɗowa kan darduma. Can bakin hanya direba ya danna hon.

"Na iso," in ji Kanza, tana haki kamar wadda ta hau tudu. Ta kifa buhun da kanta ta miƙa. "Juyi. Yaya bayan?"

Zuhur ta duba. Daga farko ya tafi daidai, sannan basilla ta kauce wa rami ta faɗa kusa da shi, ta sake kaucewa, reshen bishiyar ya karkace. Ta kalli fuskar Kanza da ke jira.

"Babu baya," ta ce. "Gaba da baya ɗaya ne."

Fuskar Kanza ta canza. Ta janye buhun. "Ke ma? Shekara biyu kowa a gidan nan yana mini ƙarya. In na zubar da shayi a ce ba komai. In na sa riga a bai-bai a ce ta yi kyau. Jikokina ma sun daina yi mini rashin kunya. Na ce bari Zuhur ta zo, ita ba ta raga wa kowa. Yatsana yana jin inda na kauce, ba sai kin rufa mini asiri ba. Ki yi mini juyi, ko ki tashi ki bi motarki."

Zuhur ta miƙa hannu. Ta karɓi buhun, ta ɗaga shi kamar yadda take ɗaga na kowa.

"Kin kauce a na bakwai, da na tara, da na goma. Na ƙarshen kin ja zare har buhun ya tattare. Aikin jaki ne wannan, Kanza. Da malama tana da rai, da yau ba ki ci abincin rana ba."

Kanza ta fashe da dariya, irin ta da, mai girgiza kafaɗa, har ta riƙe ciki. "Alhamdu lillahi," ta ce, "yau an zage ni. Warware daga na bakwai."

Direba ya sake danna hon, Radiya tana ƙwala kira daga bakin hanya. Zuhur ta sunkuya tana zare ulun ɗaya bayan ɗaya. Hawaye ya zo mata, ta bar shi ya zuba tunda babu mai gani. Da ta gama ta mayar da matashin cinyar Kanza. Yatsun suka bi layi, suka tsaya a wani wuri, suka shafa.

"Buhun nan ya jiƙe."

"Hadari ne. Yayyafi aka fara."

"Ƙarya ta biyu ke nan yau," in ji Kanza, ta buɗe tafin hannu. "Ba ni basillar."